Kanwa a Aljihun Ya'ƙub

Tun kaka Awadiyya ta ce wa mijinta ya kai ta gida. Ba ta yi dogon bayani ba, don ba macen dogon bayani ba ce. Fitowarsu ke nan daga wankin ƙoda, tana jingine da kafaɗarsa a tashar metro, ta ce, "Abu Mahasin, na gaji. Ka mai da ni Mai Wurno." Shi kuwa Ya'ƙub, tsoho mai dabara, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "To. Bari in miƙa goɗiyar nan tukuna."

Ya san abin da gida yake nufi. A Alƙahira injin da ke wanke mata jini yana nan kusa, ranarta tana zuwa a kwantar da ita, ta tashi da ɗan ƙarfin da zai kai ta wata ranar. A can garinsu na bakin kogi a Sudan, inda kakanninsu Hausawa suka yada zango kan hanyar Makka suka zaune, sai an yi doguwar tafiya kafin a kai ga inji. In an kai a tarar da layi, in layi ya zo a ce wuta ta ɗauke. Likita bai ɓoye musu komai ba. Duk wanda ya kai Awadiyya gida ya ɗora ta a hanyar kabari ne, ita ma ta san haka sarai, kuma ta ce a kai ta. Ya'ƙub yana sonta, son tsufa wanda ba ya da bakin faɗa, kuma tsoro ya cika masa ciki.

Maganar goɗiya ba ƙarya ba ce. Shi ya sa ta yi masa daɗin fakewa.

Gonar da yake aiki tana bayan Giza, a gefen magudanar ruwan Maryutiyya. Ƙarama ce, in ka yi kira daga wannan iyaka za a amsa maka daga waccan. Ta Hajj Hussain ce, wani dattijo Bamisire da ya ɗauki Ya'ƙub aiki tun farkon zuwansu ƙasar, bayan ya ga yadda ya ɗaga kofaton wani ingarma ba tare da an riƙe masa kai ba. A da bargar cike take da dawakin da ake bai wa baƙi haya su zaga sahara su kalli dalolin Fir'auna. Sai shekarar juyin juya hali ta zo, baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya'ƙub ya ga dawakin mutane a unguwar dala suna cin kwali a juji, haƙarƙarinsu a waje ana ƙirgawa. Hajj Hussain ya riƙa sayar da nasa ɗaya bayan ɗaya, yana juya baya duk lokacin da za a fita da su. Abin da ya rage shi ne 'yar goɗiyar da aka haifa a shekarar, wadda uwarta ta mutu ta bari. Ya'ƙub ne ya raine ta da nonon jamusa, baunar gidan nan ta mutanen Masar, a kwalba. Mai gida ya sa mata suna Nawwara. Ya'ƙub dai Bidi yake ce mata, saboda launinta.

Da ciwon ajali ya kama Hajj Hussain, ya riƙe hannun Ya'ƙub ya ce kada ya bar gonar sai goɗiyar ta karɓi hannun 'yarsa Rania. Alkawari kaya ne, Ya'ƙub ya ɗauka.

Rania ba raguwa ba ce. Kamfanin yawon buɗe ido da take wa aiki a Muhandisin ya rufe, sai ta kwashe 'ya'yanta ta dawo gidan ubanta da ke ƙarshen gonar, ta sayi takalmin roba, ta koyi tatsar jamusa har hannunta ya yi kanta. Ta ce za ta koyi doki kuma, ba da wasa take ba. Ya'ƙub da bakinsa ya shimfiɗa mata ƙa'idar miƙa doki yadda ya koya wurin mahaifinsa. Tsohon hannu zai janye gaba ɗaya: ba zai ba da ci ba, ba zai ba da sha ba, ba zai kira suna ba, ko ido ba zai haɗa da dabbar ba. Duk wani abin daɗi daga sabon hannu zai fito. Dabba za ta yi kuka, za ta yi fushi, ta ƙi ci, daga baya ta haƙura ta bi wanda ya rage mata.

"Zai ɗauki lokaci, Amm Ya'ƙub?" Rania ta tambaye shi, don haka take kiransa, wato Baffa.

"Gwargwadon taurin kanta, 'yata," in ji shi.

Aka shiga watan Tuba, wato tsakiyar hunturu a lissafin manoman Masar, wanda suke cewa yana mai da budurwa tsohuwa. To ina ga wanda dama tsoho ne? Ya'ƙub kan bar unguwarsu ta Hada'ik el-Ma'adi da ya sallame asuba, ya cusa kansa a mikrobas ta haye kogi, ya canja wata a Munib, ya ƙarasa da ƙafa a gefen ruwa, rawani naɗe har hanci. Hazon ruwa kan rufe gonar har mutum ba ya ganin bishiyar dabinon da ke gabansa. Sai ya fara da ɗakin jamusa: ya kwashe kashi da cebur, ya tura baro zuwa tsibin taki, ya fitar da jiƙaƙƙen karan shinkafar da ta kwana a kai ya shimfiɗa busasshe. Ya hura 'yar wuta a tsohuwar garwa don ɗakin ya yi ɗumi, ya ɗauraye kwamin ruwa da yatsun da sanyi ya sandare. Barsim kuwa, korayen ganyen da ake shuka wa dabbobi da hunturu, ba a yankansa da raɓa a jiki, don in dabba ta ci shi jiƙe cikinta kumbura yake yi. Dole a jira hantsi, a sa lauje, a baza shi ya yi yaushi. Tsakanin gama shara da bushewar raɓa akwai ɗan lokacin da babu aiki, kuma Rania tana can cikin gida tana fama da shirya yara makaranta.

A wannan ɗan lokacin ne Ya'ƙub yake ɓarnarsa.

Zai waiga hagu, ya waiga dama, kamar mai shirin satar kaza, sannan ya zaga bayan barga inda akwai taga. Kafin ya isa Bidi ta riga ta zuro kai, hancinta yana fitar da tururi. Sai ya sa hannu a aljihun jallabiyya ya ciro ɗan gutsuren jar kanwa. Mutanen Masar ba su san bai wa doki kanwa ba, gishiri suke ajiye masa ya lasa. Amma a gidan su Ya'ƙub dokin da ba ya shan kanwa maraya ne, kuma da ita ya saba wa Bidi tun tana 'yar ƙarama. Za ta lashe tafin hannunsa tas, ta tura goshi a ƙirjinsa, shi kuma ya yi mata magana ƙasa-ƙasa da Hausa, ya tambaye ta yadda ta kwana da sanyi. Daga nan ya goge hannu a riga ya ɗauki lauje, fuska a ɗaure, kamar mutumin kirki.

Ya gaya wa kansa don lafiyarta yake yi, sanyi ya yi yawa, kanwa tana gyara ciki. Ko shi bai yarda da wannan magana ba. Abin da ya sani shi ne, muddin Bidi ta san mutuminta yana nan bai sake ta ba, ba za ta bi kowa ba. Muddin ba ta bi kowa ba, alkawarin mamaci yana wuyansa. Muddin alkawarin yana wuyansa, Awadiyya tana kusa da injinta.

Haka kuwa abin ya riƙa tafiya. Rania ta fito da dusa a bokiti, goɗiya ta shinshina ta kau da kai. Ta shigar da ita da'irar yashin da ake horo, ta tsaya a tsakiya da doguwar igiya tana kora ta ta zaga, goɗiya ta yi zagaye ɗaya ta ja birki a gefen da ke kallon gonar barsim, ta ɗaga kai tana haniniya. Ta kawo linzami, goɗiya ta datse haƙora. Ya'ƙub yana can tsugune cikin ganye, ya ba su baya, yana yanka yana jin komai.

"Me nake yi ba daidai ba, Amm Ya'ƙub?" Rania takan tambaye shi in sun zauna shan shayi a rana.

"Babu, 'yata. Sabo ne. Sabo turken wawa."

Da ya faɗi haka sai shayin ya yi masa ɗaci, don ya san waye wawan.

In ya koma gida da magariba ya tarar da Awadiyya a kishingiɗe cikin bargo, a ɗakinsu guda da ke hawa na sama, inda sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shekara da shekaru ta yi tana aikin gidajen masu hali a Muhandisin kafin ƙoda ta zaunar da ita. Yanzu ko tsintsiya ta ɗauka sai ta huta. Akwatinta yana kan kabad tun kaka, a ɗaure, cike da 'yan riguna na jikokin da Mahasin, 'yarsu tilo, ta haifa a Mai Wurno. Ya'ƙub yakan ɗumama man riɗi ya zauna yana murza mata ƙafafun da suka kumbura.

"Yaya goɗiya?" takan tambaya.

"Tana nan da taurin kanta."

"Allah ya shirye ta."

"Amin."

"Da mai ita."

Sai ya yi kunnen uwar shegu, ya ce ta miƙo ɗaya ƙafar.

Wata rana a tsakiyar watan, rana ta fito da wuri, iska ta kwanta, Bidi kuma ta tashi da sanyin rai. Rania ta ɗora mata sirdi ba ta motsa ba, ta ja majayi ba ta motsa ba. Ya'ƙub yana leƙe ta ƙarƙashin hammata. Rania ta sa ƙafa a likkafa, ta ɗaga jiki. A daidai nan tsohon ya yi gyaran murya. Ko tari ne ya sarƙe shi ko shi ya kira tarin, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Goɗiya dai ta ji muryar mutuminta ta yi wuf ta juya wajensa, Rania ta subuce ta faɗa kan katakon shinge.

Ya jefar da lauje ya ruga. Wuyan hannunta ya riga ya fara kumbura. Ba ta yi kuka ba sai da ya zaunar da ita a kan baro, yana ta jera mata ma'alish da sannu.

"Wani mai keken doki daga unguwar dala ya zo ya taya ta," ta ce, tana share hawaye da bayan lafiyayyen hannun. "Na kore shi. Amma ba zan iya ciyar da dabbar da ba zan iya taɓawa ba, Amm Ya'ƙub, ga yara. Kuma na san Hajja, matarka, tana jiranka. Kullum da abin nake kwana, ina tsare da kai a nan saboda rashin iyawata. In watan iska mai kamawa ya wuce ba ta karɓe ni ba, khalas, shi ke nan, zan kira shi."

Kunya ta rufe Ya'ƙub har ya rasa inda zai sa ido. Yarinyar da ubanta ya ba shi amana tana neman gafararsa a kan laifin da shi ya yi. Ya kuma san abin da ake yi wa goɗiya a keken doki: bulala, kwalta mai zafi, gyambo a kafaɗa da ƙuda a kai. Ya ga ya haƙa ramin da ko ta ina aka bi wani nasa ne zai faɗa.

Ya daina. Wallahi ya daina, kada a ci zalinsa. Washegari ya gama shara ya zauna a ɗakin jamusa kusa da garwar wuta, ya toshe kunne da rawani, Bidi tana ta haniniya a taga tana dukan bango da kofato. Ranar ta ƙi cin komai. Kashegari ma haka. Daga nan yunwa ta yi aikinta, ta ci dusar Rania tana hura hanci. Rania, da hannu ɗaya a naɗe, ta riƙa zama a bakin bargar tana yi mata hira, tana sosa mata wuya da buroshi. Kwanaki kaɗan sai ga goɗiya tana zagaya da'ira da sassarfa, kunne ɗaya a karkace wajen matar da ke tsakiya. Wata la'asar Ya'ƙub yana ɗaure dammunan barsim ya ɗaga kai ya ga Bidi ta sauke goshi ta jingina a kafaɗar Rania.

Mai horon doki ya san wannan alama. Saura ƙiris a gama.

A daren ranar akwai wankin ƙoda. Ya zauna a benci a bakin ɗakin yana kallon jinin matarsa yana fita ta wannan roba yana komawa ta waccan, tana barci baki a ɗan buɗe. Ya dubi injin nan mai ƙara kamar firji, ya ji da zai yiwu da ya goya shi a baya har Sudan. Da gari ya waye, kafin ya fita, ya buɗe gwangwanin da ke kan kantar kicin ya gutsuri kanwa.

Bidi ta karɓe shi kamar wanda ya dawo daga hajji. Da hantsi kuwa ta sake datse wa Rania haƙora.

Rana dubu ta ɓarawo. Ranar mai kaya ta zo a farkon Amshir, watan iska, lokacin da ganyen barsim ke kwantawa gefe guda. Ya'ƙub yana gyara bakin kwalbatin da ruwa ke shiga gona, laka har gwiwa, ya ji ƙarar tuktuk, keken nan mai taya uku, a kan hanyar da ba kowa ke bi ba. Ya miƙe ya duba. Wata mata ce take saukowa a hankali, naɗe cikin taub, mayafin matan Sudan, ruwan ƙasa, ta ɗora rigar sanyinsa ta gida a kai. Ya gane tafiyar kafin ya gane fuskar. Matar da hawa benen gidansu ke gagara ta shiga mota biyu ta haye kogi ita kaɗai.

"Awadiyya! Lafiya? Me ya fito da ke cikin iskar nan?"

"Na zo gaida kishiyar tafiyata," ta ce, tana haki. "Samo min wurin zama, ya zol, bawan Allah, kafin in zube."

Rania ta fito da gudu ta rungume ta, ta kawo kujera da bargo, aka zaunar da ita a jikin bangon barga inda rana ke bugawa iska ba ta kaiwa. Aka kawo shayi ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, don an ƙayyade mata ruwa. Ta ce kada a fasa aiki saboda ita, kallo ta zo yi. Rania ta shigar da goɗiya da'ira. Awadiyya ta zuba ido tana kallo. Ta ga yadda dabbar ke tafiya lafiya sai ta tsaya cak ta nemi inda Ya'ƙub yake, ta ga yadda take miƙa hanci wajen aljihunsa na dama duk lokacin da ya gifta. 'Yar gidan masu dawaki ce ita ma, babanta har ya mutu da turke a ƙofar gidansa.

Ta yafito shi da hannu. Ya zo ya tsuguna a gabanta, laka tana bushewa a ƙwaurinsa. Da Hausa ta yi magana, a hankali, yadda Rania ba za ta tsinci komai ba.

"Abu Mahasin, tun da likita ya hana ni kanwa ban sake sa ta a miya ba. Amma gwangwanina kullum raguwa yake yi. Na ce ko ɓeran Masar ne ya koyi shan kanwa."

Ya'ƙub ya sunkuyar da kai.

"Miƙo."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta buɗe tafin hannu ta ajiye a gwiwarta, hannun da allura ta huhhuda har jijiyoyin suka yi ƙulli, ta jira. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ragowar ta safe ya ɗora mata.

"Yarinyar mutane ta kusa karyewa saboda kai," ta ce.

"Na sani."

"To don me?"

Sai bakin da ya yi wata da watanni a rufe ya buɗe. "In na kai ki mutuwa za ki yi, Awadiyya. Ba zan ɗauke ki da hannuna in kai ki inda za ki mutu ba. Ki ce min mugu, ki ce min maƙaryaci, na yarda. A nan ko ba komai ina dawowa in tarar da ke." Ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Tsoho da furfura tsugune a laka yana kuka kamar an ƙwace masa abin hannunsa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta dafa kansa.

"A nan ma mutuwar zan yi, ya zol. Injin jinkiri yake saya mana, kuma jinkirin ya fara ƙarewa, jikina ya gaya mini. Kai kana gona ba ka ganin yadda nake wuni." Ta numfasa. "Ka saurare ni. Na wanke gidajen mutanen garin nan har ƙodata ta ƙare. Na wanke bayinsu, na wanke 'ya'yansu, na wanke tsofaffinsu. Ban yi ƙorafi ba, da shi muka ci muka aurar da 'ya. Amma ni ba na so baƙuwa ta wanke ni. Ba na so a kira wata matar da ba ta san sunana ba ta juya ni a kan tebur tana sauri ta tafi wani aikin. Mahasin nake so ta wanke ni, da ƙannena, a bayan ɗakin Inna, suna yi suna kiran sunana. Abin da ya rage mini ke nan a duniya da nake so. In ka ƙara ja, ko ka ɗauke ni ba zan kai ba."

Iska ta kaɗa ganyen dabino a samansu. Duk dabarar da Ya'ƙub ya kwana yana ƙullawa tun kaka ta warware, ya ga ashe ba ranta yake tsarewa ba, nasa zaman yake tsarewa, don kada ya buɗe ƙofa wata magariba ya tarar da ɗaki babu kowa.

"Bayan wankin Asabar nake samun ƙarfi," in ji ta. "Ka tambayo mana motar Aswan, mu kama hanyar gida."

"To," ya ce. Wannan karon babu tukuna a bayanta.

Awadiyya ta ɗaga murya ta kira Rania da Larabci. Rania ta taho tana jan goɗiyar da igiya, goɗiya tana tirjewa.

"Karɓi wannan, 'yata. Gishirin ƙasarmu ne, dawakinmu suna sonsa. Tsohon nan ya manta bai gaya miki ba, tsufa ya fara cin kansa. Buɗe hannunki sosai, kada ta haɗa da yatsa. Kai kuma tashi ka ba mutane wuri."

Ya tashi. Ya ɗauki laujensa ya nufi can ƙarshen gona, wajen iyaka, inda ko gyaran murya ya yi iska za ta tafi da shi. Ya tsuguna ya ba su baya ya kama yanka, ko da yake abin da ya yanka da hantsi ya ishi dabbobin har gobe. Ya ji haniniya sau ɗaya, doguwa, irin wadda take yi masa. Bai waiga ba. Ya ci gaba da cusa lauje cikin ganye yana tarawa, hawaye yana ɗiga a bayan hannunsa. Daga nan bai sake jin komai ba sai iska.

An jima sai muryar Rania ta ratso gonar, tana rawa don murna.

"Amm Ya'ƙub! Amm Ya'ƙub, duba!"

Ya juya. Linzami yana bakin Bidi. Rania tana kan sirdi, ta riƙe da hannu ɗaya, goɗiya tana zaga da'irar da ita a natse, wuya a tanƙwashe, tafiyar da shi ya koya mata tun tana jin tsoron inuwarta. Ta zo gefen da ke kallon gonar barsim ta wuce ba ta tsaya ba. A jikin bango Awadiyya ta jingina kai ta lumshe ido a rana, kamar matafiyin da aka ce masa mota ta iso.

"Ta karɓe ni! Ka gani? Yanzu sai ka kai Hajja gida!"

Ya'ƙub ya miƙe tsaye da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya goge fuska da rawani, ya ɗaga laujen sama don ta gan shi daga nesa, ya tattaro iyakar muryar da ta rage masa.

"Mabruk, 'yata," ya ce. "Allah ya sa alheri."